Kafin Ka Ɗaga Waya a Kan Yaron Ɗan Gudun Hijira

A ƙarshen daminar bara na bi wata ƙungiyar agaji zuwa wani matsugunin 'yan gudun hijira da ke bayan garin Sakkwato, inda aka je rabon sabulu da gidan sauro da tabarmi. Aikina a cikin tawagar shi ne tafinta da rubuta rahoto, kuma aiki ne da nake yi a ƙarshen mako ba tare da albashi ba. Ana tsaka da rabo sai na ji saurayin da aka ɗora wa ɗaukar hoto yana ce wa wata yarinya, wadda ba za ta wuce shekara takwas ba, ta tuɓe takalmanta ta ajiye a gefe, ta kuma daina murmushi. Silifas ne shuɗɗa na roba, an ɗaure igiyar ɗaya da zaren buhu. Yarinyar ta dubi kakarta, kakar ta dubi layin da bai kai kanta ba tukuna, sannan ta ce mata, "Yi abin da anka ce miki."

Da aka gama rabo, tsohuwar ta matso kusa da ni ta rage murya ta ce, "Malam, wanga hoto ina za a kai shi?" Na ce mata, "Inna, za a nuna wa masu taimako ne." Ta gyaɗa kai ta tafi. Tun daga ranar amsar da na ba ta take damuna, domin gaskiyar magana ita ce kafin mu koma cikin gari hoton ya riga ya hau Facebook, inda ɗan uwa da maƙiyi duk suke kallo.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Mai aikin sa kai a fannin sadarwa, ko mai hoto ne ko mai rubutu ko tafinta, amanar yaron da ke gabansa ce a wuyansa kafin ta ƙungiyar da ta aike shi. Kuma babban aikinsa shi ne kai wa 'yan gudun hijira labarin da suke buƙata domin su rayu, sannan a biyo da kai labarinsu ga duniya. Mu a nan mun juya abin, mun mayar da na biyu shi ne na farko, na farkon kuwa kusan mun manta da shi.

Ba na ganin laifin saurayin shi kaɗai, kuma zan dawo kan wannan. Ɗalibi ne mai kyakkyawar niyya, wanda ya bar karatun jarrabawa ya shiga rana. Abin da aka nuna masa a matsayin hoto mai kyau shi ya je nema.

Waɗanda muke magana a kansu

Yaran da ke waɗannan matsugunai 'ya'yan manoma da makiyaya ne daga Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo da Wurno, da kuma maƙwabtanmu na Zamfara. Tun harin da aka kai Tabanni a gundumar Gandi a 2018, wanda ya sa mutane suka cika makarantar firamare da kayansu, gabashin jihar bai huta ba. An yi kisan ƙauyukan Sabon Birni a watan Mayu na 2020, an yi na kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021. Wasu sun gangaro birni suka raɓa a gidajen dangi da kangwaye, wasu dubbai kuma suka tsallaka iyaka zuwa jihohin Maraɗi da Tawa a Nijar, inda hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsugunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, nesa da bakin iyaka.

A dokar ƙasa da ƙasa, wanda ya tsallaka iyaka matsayinsa daban, wanda ya tsere daga gida amma yana cikin ƙasarsa matsayinsa daban. Na farko yana ƙarƙashin yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 da ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969, na biyu yana ƙarƙashin yarjejeniyar Kampala ta 2009. Hausa ba ta raba su ba, duka 'yan gudun hijira take kiran su, kuma a wajen yaron da ya kwana a daji yana gudu ina ganin Hausa ce ta fi kusa da gaskiya. Sau da yawa ma gida ɗaya ne ya rabu biyu, uwa da ƙanana suna Gidan Runji a Nijar, uba da manya suna Sakkwato.

Labari ma agaji ne

Duk wanda ya taɓa zama da matan da suka iso sabon wuri ya san irin tambayoyin da suke yi. Ina asibitin da ake duba yara kyauta, kuma wace rana? Wa ke rubuta suna, kuma ana biyan kuɗi kafin a rubuta? Yaron da ya bar aji uku a ƙauye, za a karɓe shi a makarantar unguwa ba tare da takarda ba? Wadda ta rabu da ɗanta a hanya, wa za ta gaya wa? Waɗannan tambayoyi kowace tana da amsa, kuma amsar tana nan a ofisoshin ƙungiyoyi da hukumomi, a rubuce da Turanci, a cikin kwamfuta. Tazarar da ke tsakanin wannan kwamfuta da kunnen waccan mata, ita ce gonar mai aikin sadarwa.

Na ga uwa da ta riƙe ɗanta kwana biyar yana amai da gudawa, tana jiƙa masa sassaƙe, alhali wurin da ake ba da ruwan gishiri da sukari kyauta bai kai tafiyar minti ashirin daga inda take ba. Ba taurin kai ne ya hana ta zuwa ba. Wani ne ya ce mata sai da katin asibiti da kuɗi, ita kuwa ba ta da ko sisi, kuma babu wanda ya zo ya ƙaryata maganar. Na kuma ga matan da aka koya wa amfani da ɗan tef ɗin nan na awon dantsen yaro, mai kore da rawaya da ja, aka ce musu in awon ya faɗa a ja su garzaya da yaron domin tamowa ta yi tsanani. Bayanin bai ɗauki rabin awa ba, amma sun riƙe shi, har suna auna 'ya'yan maƙwabta.

Akwai kuma saƙo guda da nake ganin ya fi kowane muhimmanci, wanda ya kamata a maimaita shi a kowane rabo da babbar murya: kayan agaji kyauta ne, babu wanda yake da ikon neman kuɗi ko neman wani abu daga mace ko yarinya kafin ya rubuta sunanta, kuma ga inda za a kai ƙara idan wani ya nema. Inda ba a faɗi wannan ba, mai riƙe da biro da takarda yakan zama sarki, kuma 'yan mata da zawarawa su ne suke fara biyan farashi.

Ta yaya ake isar da irin wannan saƙo? Allon sanarwa da Turanci bai isar da komai ga wadda ba ta yi boko ba. Abin da ke aiki shi ne abin da muka gada: sanarwa a masallaci bayan sallah, bakin ungozoma da na malamar Islamiyya, mai shela da lasifika, rediyo irin Rima da sauran tashoshin FM na gari, da saƙon murya a WhatsApp ga waɗanda ke da waya. Rubutun ajami ma yana da masu karanta shi fiye da yadda ofisoshi suke zato. Mun ga darajar waɗannan hanyoyi a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar nan. Duk wanda ya dogara da intanet kaɗai ya zama kurma, labari ya koma tafiya a bakin direbobi da 'yan kasuwa da akwatin rediyo.

Sai kuma harshe. Ba kowane yaro a matsuguni ne Hausa ta zauna a bakinsa ba, akwai masu Fulatanci, akwai masu Zabarmanci, akwai Buzaye. Har a cikin Hausar ma akwai kalmar da ke iya rufe ƙofa. A yankinmu idan aka ce "'yan sa kai", abin da ke zuwa wa mutumin ƙauye a rai shi ne 'yan banga masu bindiga da adda, kuma akwai iyalai, musamman na rugage, da wannan suna kaɗai ya isa ya sa su ɓoye 'ya'yansu. Na taɓa jin wata ɗaliba ta gabatar da mu da cewa, "Mu 'yan sa kai ne," sai na ga wani dattijo ya miƙe ya ja jikansa ya bar wurin. Daga ranar muka koma cewa mu masu aikin agaji ne. Babu takardar horo da aka rubuta a Abuja ko Janiba da za ta koya maka wannan, sai ɗan gari.

"In babu hoto, babu kuɗi"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da ake kawo mini, kuma ba zan raina ta ba. Ƙungiyoyin agaji da gudummawa suke rayuwa, mai bayarwa kuma yana so ya ga inda kuɗinsa ya tafi, gani kuwa ya kori ji. Duniya ta daɗe tana jin alƙaluman yaƙin Siriya ba ta motsa ba, sai da aka ga hoton gawar ƙaramin yaron nan a bakin tekun Turkiyya a watan Satumba na 2015. Mu ma a Arewa maso Yamma muna da ƙorafin cewa an manta da mu, domin babban shirin agajin Majalisar Ɗinkin Duniya a Najeriya ya daɗe yana fuskantar Borno da Adamawa da Yobe, yayin da Sakkwato da Zamfara da Katsina suke samun ragowa. Saboda haka wanda ya ce dole a nuna wa duniya halin da ake ciki, gaskiya ya faɗa.

Amma nuna halin da ake ciki daban, ƙirƙirar hali daban. Yarinyar nan tana da takalmi, ko da kuwa na zaren buhu ne, kuma tana murmushi. Wanda ya sa ta tuɓe ya yi ƙarya da jikinta, ya kuma koya mata darasi mai muni, wato cewa abincinta yana cikin nuna kanta a wulaƙance. Yaran da suka daɗe a matsuguni sun haddace wannan darasi, da zarar sun ga farar mota sai ka ga sun sauya fuska sun miƙa hannu. Mu muka koya musu, sannan mu dawo muna kukan cewa bara ta yi yawa a titunan Sakkwato.

Kuma takalmin da aka ɗaure da zaren buhu ya fi ƙafa tsirara ba da labari. Yana nuna cewa akwai wata tsohuwa da ta zauna ta gyara shi, wadda ba ta yarda jikarta ta taka ƙasa ba duk da abin da ya same su. Ana iya ɗaukar hoton takalmin kaɗai. Ana iya ɗaukar rufin ajin da mutum talatin ke kwana a ciki, ko layin jarkoki a bakin famfo ɗaya, ko hannun uwa riƙe da tef ɗin awo, ko yara daga baya suna fuskantar allo. Mai hoton da ya ƙware ya san cewa fuska ba ita kaɗai ce ke magana ba.

Mutanen Sakkwato muna da misali a gida. Asibitin yara masu cutar noma, wadda ke cinye naman baki da fuska, yana nan cikin gari tun 1999, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki a cikinsa tun 2014. An yi shekaru ana fafutukar a san da cutar, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a watan Disamba na 2023, bayan Najeriya ta jagoranci neman hakan. Daga cikin muryoyin da suka fi tasiri a wannan fafutuka akwai na waɗanda suka warke, suka girma, suka zaɓi su tsaya gaban duniya da fuskokinsu su yi magana da bakinsu. Baligi ne ya yanke wa kansa shawara, ya san inda maganarsa za ta je. Yarinya 'yar shekara takwas a layin sabulu ba ta cikin wannan matsayi.

"Ai uwarta ta yarda"

Haka ake cewa, wani lokaci har a nuna maka takardar da ta dangwala wa yatsa. To, wace irin yarda ce mace za ta bayar tana tsaye a layi, buhun yana hannunka, 'ya'yanta ba su karya ba? Ko da ba ka ce mata in ta ƙi za ta rasa ba, ita haka ta fahimta. Ga kuma kunya da kara irin tamu, wadda ke hana mutum ya ce a'a ga baƙon da ya kawo masa alheri. Sannan yawancin waɗannan iyaye ba su san mene ne intanet ba balle su san cewa abin da ya hau ba ya sauka. Magana zarar bunu ce, hoto kuwa ya fi ta, domin shekara goma nan gaba, lokacin da yarinyar ta isa aure ko ta shiga makarantar gaba, yana nan yana jiran duk wanda ya neme shi.

Akwai abin da ya fi kunya nauyi, shi ne rai. 'Yan bindigar da suka kori waɗannan mutane suna da wayoyi, suna hawa Facebook da TikTok, kuma suna da infoma a cikin garuruwa. Yawancin iyalan da suka gudo sun bar wani a baya, ko tsoho da ya ƙi tashi, ko miji da ya koma noma bayan an biya harajin da aka ɗora wa ƙauye, ko wani da ke hannun masu garkuwa ana cinikin fansarsa. Idan ka wallafa fuskar yaro da sunan ƙauyensu, ka ƙara da cewa mahaifiyarsa ta faɗi wanda ya kai musu hari, ka iya jawo wa wanda ke can abin da ba za ka iya gyarawa ba. Idan kuma aka ga iyalin wanda ake tsare da shi suna karɓar kaya daga ƙungiyar Turawa, kuɗin fansa na iya tashi. Yarinyar da aka sace aka sako, wadda aka ci zarafinta, ita kam ko da wasa bai kamata a nuna abin da zai sa a gane ta ba, ko da ita da iyayenta sun ce sun yarda.

Doka ma tana gefen yaron. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ta kare sirrin yaro da mutuncinsa a sashe na 16, ta kuma ba shi damar a ji ra'ayinsa a kan abin da ya shafe shi a sashe na 12. Najeriya ta yi dokar haƙƙin yara a 2003, jihar Sakkwato ta yi tata dokar kare yara a 2021, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta wajabta neman izinin iyaye kafin a yi amfani da bayanan yaro. Amma tun kafin waɗannan, mun karanta a Suratul Baƙara cewa kada mu ɓata sadakokinmu da gori da cutarwa, kuma cewa ɓoye sadaka a ba matalauta ya fi alheri. Wani zai ce ai ayar ta halatta bayyanawa, kuma haka ne, domin a kwaɗaitar da wasu. Sai dai abin da aka halatta bayyanawa sadakar ce, ba tona asirin wanda ya karɓa ba.

Neman yarda ta gaskiya ba shi da wuya, haƙuri kawai yake buƙata. A bari sai an gama rabo kowa ya karɓi nasa. A zauna da uwar a gefe, da harshenta, gwamma mace ce za ta yi mata magana. A buɗe waya a nuna mata shafin da hoton zai hau, a gaya mata cewa mutanen ƙauyensu da waɗanda suka kore su duk za su iya gani. A ce mata in ta ƙi babu abin da zai ragu daga rabonta, gobe ko jibi. Sannan a tambayi yaron shi ma, in ya noƙe a ƙyale shi. Na gwada wannan, kuma gaskiya ne cewa da yawa sukan ce a'a. Waɗanda suka ce e kuwa sukan ce a dakata su wanke wa yaron fuska su sa masa rigarsa mai kyau, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda suke so a gan su.

"Ɓoye fuska ɓoye laifin hukuma ne"

Wasu abokaina masu zafin kishi suna cewa irin wannan taka-tsantsan yana taimakon masu mulki, domin gwamnati ba ta motsi sai an kunyata ta. Na fahimci zafin, ni ma ina jin sa. Amma wanda ya kamata ya ji kunya shi ne wanda ya gaza tsare ƙauyen, kuma ana kunyata shi da bayani ingantacce: mutum nawa ne a wurin, tun yaushe, famfo nawa ke aiki, yara nawa ne ba sa zuwa makaranta, wace hukuma ce ta yi alkawari ba ta cika ba. Irin wannan rahoto yana da wuyar musantawa. Hoton yaro yana kuka kuwa yakan jawo "Allah sarki" dubu a ƙarƙashinsa, washegari a wuce zuwa wani.

Ingancin bayani shi ma amana ce. An umurce mu a Suratul Hujurat da mu tantance labari kafin mu yi aiki da shi. Mai aikin sadarwa da ya ƙara sifili a kan adadi domin a tausaya, ko ya ɗauko tsohon hoto daga wata ƙasa ya ce na Isa ne, ya ba masu musu makami, kuma ranar da ya kawo gaskiya ba za a yarda da shi ba. Haka wanda ya rubuta rahoto ya jingina laifin ga ƙabila sukutum, ya manta cewa a cikin matsugunin akwai 'ya'yan Hausawa da na Fulani da duk wuta ɗaya ta koro.

Haƙƙin mai aikin sa kai

Na ce zan dawo kan saurayin nan. Da muka koma mota na yi masa magana, sai ya ce, "Malam, wallahi haka aka ce mini, hoton da ba ya taɓa zuciya ba a amfani da shi." Ba a taɓa zaunar da shi ko na yini ɗaya an koya masa ƙa'idar aiki da yara ba. An ba shi riga mai tambari, an ce ya turo hotuna ashirin kafin magariba, da wayarsa da kuɗin datarsa.

Manyan hukumomi irin su UNICEF, wadda ke da ofishi a nan Sakkwato, suna da rubutattun ƙa'idoji a kan yadda ake ɗaukar hoton yara da yin hira da su. Matsalar ita ce ƙa'idar takan tsaya a sama, ba ta gangarowa zuwa ga ɗalibin jami'ar Ɗanfodiyo ko na kwalejin Shehu Shagari da ƙaramar ƙungiya ta ɗauka domin ya riƙe mata shafi. Duk ƙungiyar da za ta tura matashi cikin yara masu rauni, wajibi ne ta horar da shi da Hausa, ta biya masa kuɗin mota da na data, ta kuma sa wani babba ya duba abin da zai wallafa kafin ya fita. Sa kai ba ya nufin a ci gumin mutum. Kuma wanda ya yini yana fassara labarin matar da aka kashe mijinta a gabanta, yana maimaita shi kalma bayan kalma, yana buƙatar wanda zai tambaye shi yadda ya kwana. Na san dare nawa na yi ban runtsa ba bayan irin wannan tafinta.

Ana kuma zargin matasan da cewa takardar shaida suke nema domin samun aiki a gaba. Ni ban ga aibu a nan ba, matashin da ke neman ƙwarewa ta hanyar yi wa jama'a hidima ya fi wanda ke zaune. Inda aibun yake shi ne a mayar da yaron tsani, mutum ya tsaya a tsakiyar yara ya ɗauki kansa, ya sa a shafinsa domin a yaba masa.

Duk lokacin da na wuce ta Hubbare, inda kabarin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake, nakan tuna cewa garin nan 'yan hijira ne suka kafa shi. Lokacin da Shehu Usmanu ya bar Degel zuwa Gudu a 1804, 'yarsa Nana Asma'u tana da kimanin shekara goma sha ɗaya, wato ita ma yarinya ce da ta san tafiyar gudu da yunwar sansani. Da ta girma sai ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajis, mata dattijai masu malfa, suke haddace waƙoƙin ilimi su kai wa matan ƙauyuka da harshen da suke ji, cikinsu har da waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu. Ba albashi ake biyan su ba. Aikin sadarwa na sa kai ke nan, kuma fuskarsa tana kallon matan da ake yi wa hidima ne. Matasanmu da ke riƙe da wayoyi a yau suna da wannan gado, ko da ba a gaya musu ba.

Bayan mako biyu na koma matsugunin tare da saurayin. Ya riga ya sauke hoton daga shafin, ko da yake mun san cewa wasu sun kwafa. Ya durƙusa ya gaishe da tsohuwar, ya ce, "Inna, na yi kuskure, ki yafe mini." Ta ce, "Ba komai, ɗana, Allah shi yafe muna baki ɗai." Sai ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙaramin hoto na fasfo da ya fara dushewa, naɗe a cikin leda. Na wan yarinyar ne, ɗan shekara goma sha biyu, wanda suka rabu da shi a daren da suka gudo, kuma wani ya ce mata an ga mai kama da shi a wajen Maraɗi. Ta ce, "In dai kuna kai hoto nesa, ku kai wanga."

Ba mu sa shi a Facebook ba, domin ba mu san a hannun wa yaron yake ba. Mun rubuta sunansa da na mahaifinsa da na ƙauyensu da tabon da ta ce yana da shi a ƙafar hagu, muka kai wa masu aikin haɗa iyalai na ƙungiyar Red Cross, waɗanda ke da abokan aiki a ɗaya gefen iyaka, muka kuma nemi izininta a yi cigiya a rediyo ba tare da faɗin inda take zaune ba. Duk ranar da na je takan tare ni tun daga bakin ƙofa ta tambaya ko an ji wani abu, kuma har zuwa ranar da nake wannan rubutu cigiyar tana nan.